TSOHUWAR MOTA DA MASU RAYA TA

Dattawan karkara ba su manta da Peugeot 404 da ƙanwarta 504 ba. A tashar Maraɗi, da ta Damagaram, da ta Tawa, kowa ya san su da sunan kat-san-kat da sen-san-kat. Su ne sunka kai marar lafiya likita. Su ne sunka kai amarya ɗakinta. Mai buɗaɗɗen baya, wadda ake ce ma bashe, ita ce ta ɗauki gujiya da wake da tumaki zuwa kasuwa.

Yau da yawa cikinsu sun kwanta. Ana ganin su bayan garaji, babu taya, babu madubi, kaji na ƙwai cikinsu. Wasu an farfasa su, an sayar ma masu awon ƙarfe.

Amma a Faransa, ƙasar da anka ƙera su, akwai mutanen da ke neman irin waɗanga motoci ruwa a jallo. In sun samu guda, sai su kai ta gida. Su kwance ta ƙarfe-ƙarfe. Wani ya yi shekara biyu ko uku yana gyara, har ta koma kamar ranar da ta fito sabuwa. Haka ake yi a Ingila da Jamus da Amurka, kowace ƙasa da nata motocin.

Aikin sha'awa

Waɗanga mutane ba haya suke yi da motar ba. Da yawansu ma ba makanikai ba ne. Wani malamin lakkol ne, wani ma'aikacin gidan waya, wani manomi, wani kuma tsoho ne da ya gama aikin gwamnati. Suna gyaran da marece bayan aiki, da ranar Asabar da Lahadi.

Abin ya yi kama da kiwon doki a ƙasar Hausa. Akwai mai dokin da ba ya noma da shi, ba ya ɗaura mashi amalanke. Yana ba shi harawa da gero da kanwa. Yana wanke shi, yana share mashi turke. Sai ranar salla ko biki ya ɗaura sirdi ya fito. Dokin na cin kuɗi, bai kawo ko dala. Duk da haka mai shi bai yarda ya rabu da shi. To, haka mai tsohuwar mota yake da motarshi.

Da can masu kuɗi ne kaɗai ke tara tsofaffin motoci, kuma na tsada suke tarawa, na sarakuna da na tsere. Daga baya talakawa sunka shigo. Su abin da suke so shi ne motar gida, irin wadda ubansu ya kai su lakkol da ita, ko wadda iyali sunka je ganin kaka da ita a ƙauye. Mutum ya ji ƙarar injin, ya ji warin kujerun, sai ya tuna da mahaifinshi.

A Ingila har biki ake yi musu tun shekara 2014. Sunan bikin na nufin taron motocin da ba su da wani abin mamaki. A wurin, motar talaka da anka riƙe da kyau ita ke cin kyauta.

Mi ya sa motar talaka ta yi wuya?

Motocin gida an ƙera su miliyan-miliyan. To, ƙaƙa anka yi sunka zama abin nema? Dalili ukku ne.

Na farko, ba wanda ya yi tunanin ajiye su. Motar mai kuɗi tana kwana ɗaki, ana lulluɓe ta. Motar talaka tana kwana waje, tana aiki kullum. In ta gaji, sai a yar, a sayi wata.

Na biyu, tsatsa. A Turai, lokacin sanyi, dusar ƙanƙara na rufe hanya. Ana watsa gishiri bisa kwalta don ƙanƙarar ta narke. Ruwan gishirin na fallatsa ƙarƙashin mota, yana cin ƙarfe. Motar da injinta ke da sauran ƙarfi sai a tarar gindinta ya ruɓe.

Na ukku, gwamnatoci da kansu sun biya kuɗi don a farfasa su. A Faransa, daga 1994 zuwa 1995, lokacin firaminista Edouard Balladur, duk wanda ya kai motar da ta wuce shekara 10 anka murƙushe, ya sayi sabuwa, gwamnati na taimaka mashi da kuɗin Faransa 5.000. A lissafin lokacin, jikka 500 ke nan na CFA. An sake irin wanga tsari a 1995, an kuma sake daga ƙarshen 2008 zuwa 2010. Nufin shi ne masana'antu su samu ciniki, kuma a rage hayaƙi. Motoci masu ɗimbin yawa sunka tafi ta nan, har da masu lafiya.

Shi ya sa yau wata motar da a da ke kowane lungu, sai an sha wuya a ga guda.

Motocin da ake so

A Faransa akwai huɗu da kowa ya sani.

Citroën 2CV. Sunanta na nufin dawaki biyu. An fara nuna ta ga jama'a a 1948, an daina ƙera ta a 1990. Don manoma anka yi ta. Abin da anka nema ga masu ƙera ta shi ne mota mai arha, mai ɗaukar manomi da buhun dankali, wadda za ta ratsa gona da kwandon ƙwai ba tare da ya fashe ba.

Renault 4. Ta fito a 1961, an yi shekara fiye da 30 ana ƙera ta. An yi sama da miliyan 8. A Faransa masu kai wasiƙa da jandarmomi sun daɗe suna aiki da ita.

Peugeot 404. Ta fito a 1960. Ta ci babban tseren motoci na gabashin Afirka sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Tseren na bin hanyoyin laka da ƙura ne. Nan duniya ta san ƙarfinta. A ƙasar Kenya an ci gaba da haɗa ta har 1991.

Peugeot 504. Ta fito a 1968. A 1969 anka zaɓe ta motar shekara ta Turai. Ita ma ta ci tseren gabashin Afirka a 1975. An ƙera fiye da miliyan 3.

Abin da ya haɗa su shi ne sauƙi. Babu kwamfuta cikinsu. Mai sifana da sukurdireba da haƙuri na iya kwance kusan komi, ya maida. Motocin yanzu kuwa, sai an jona na'ura kafin a san ciwonsu.

Yadda ake raya ta

Masu wanga aiki suna da tsarin da suke bi. Wanda ya tsallake mataki, shi ke yin aiki sau biyu.

1. Dubawa kafin saye. Mai wayo ba ya kallon fenti. Yana durƙusawa ya leƙa ƙarƙashi. Yana ɗaga shimfiɗar da ake taka ƙafa. Yana duba gindin ƙofofi, da wurin ajiye tayar ko-ta-kwana, don nan ruwa ke kwanciya. Wasu na zuwa da mayen ƙarfe. In an ɗora shi bisa jikin mota bai kama ba, to an cike rami ne da ƙullu anka shafe da fenti. Sannan a duba lambar da ke buge bisa shasi, a gwada ta da wadda ke rubuce cikin kart giriz. In sun saɓa, a bar motar komi arharta.

2. Kwancewa. Mota na da ƙananan ƙarafa dubbai. Wanda ya kwance yau, sai bayan shekara zai maida. Kai bai riƙe wanga duka. Don haka kafin a cire abu ana ɗaukar hotonshi. Notuna da ƙusoshi ana zuba su cikin leda, a rubuta inda sunka fito. Ana ajiye littafi guda, ana rubuta ranar aiki, da abin da anka yi, da kuɗin da anka kashe. A nan alƙalami ya yi daidai da sifana.

3. Jikin mota. Shi ne aikin da ya fi cin lokaci da kuɗi. Tsatsa ba ta jin lallashi. In an rufe ta da fenti, tana ci gaba da ci daga ciki. Sai an yanke inda ya ruɓe, an yi waldar sabon ƙarfe, an goge, an shafa maganin tsatsa. Bayan haka ne ake fenti. Masu sha'awa na neman launin asali, wanda motar ta fito da shi.

4. Inji. Motar da ta yi shekaru a tsaye, ba a sa mata batir a tashe ta nan take. Isansin da ke tanki ya lalace. Baƙin mai ya sauka, ya bar ƙarafa a bushe. In an tashe ta haka, ƙarfe zai ci ƙarfe. Sai a zubar da tsohon isansi, a wanke tanki. A canza baƙin mai da matatarshi. A cire buji, a ɗiga mai kaɗan cikin ramukan. Sannan a juya injin da hannu a hankali. In ya juya, akwai rai. In ya ƙi, sai an buɗe shi.

5. Birki da taya da wayoyin wuta. Man birki na shan laima, yana sa tsatsa cikin bututu. Robobin birki na bushewa su tsage. Tsofaffin wayoyi na ɓarewa, su tada gobara. Duk waɗanga ana canza su, ko da ido ya ga kamar suna da kyau.

6. Kujeru da ado. Su ne na ƙarshe. Sabon shiga shi ke fara sayen fenti da rediyo. Tsohon hannu da birki yake farawa, don shi ke riƙe da rai.

Kayan gyara da takardu

Motar da anka daina ƙerawa, ina ake samun piyes ɗinta? Wasu na sayen mota biyu, su ci guda don su raya guda. Akwai kasuwannin da ke ci don tsofaffin kayan mota kaɗai. Akwai kuma intanet. In abu ya ɓace ƙwarai, masu irin motar na haɗa kuɗi, su sa wata ƙaramar masana'anta ta sake ƙera musu shi.

Shi ya sa kusan kowace irin mota na da ƙungiyarta. Ƴan ƙungiya na aron juna kayan aiki da littafin gyara. Tsoho na koya ma yaro. A 1967 anka kafa babbar tarayyar da ta haɗa ƙungiyoyin Faransa. Tun 1976 ake yin babban baje kolin tsofaffin motoci a Paris. A garin Sochaux, gabashin Faransa, inda babbar masana'antar Peugeot take, an buɗe gidan tarihin motocinta a 1988.

Doka ma ta san da su. A Faransa, motar da ta cika shekara 30, wadda anka daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata kama ba, mai ita na iya neman kart giriz ta musamman. Mai wagga takarda yana kai motar bizit duk shekara 5. Sauran motoci duk shekara 2 ne. Amma motar ta zama ta sha'awa ke nan, ba ta jigilar kayan kasuwa ba.

Akwai riba ciki?

Galibi babu. In an haɗa kuɗin piyes da walda da fenti, sau da yawa sun wuce abin da motar za ta yi a kasuwa. Ba a ma lissafa wahalar mai ita ba. Motoci da yawa na nan a kwance cikin garaji, rabi a haɗe, rabi cikin kwali, don mai su ya gaji ko kuɗi sun ƙare. Masu hankali cikinsu ba su taɓa kuɗin cefane don mota. Abin da ya yi saura suke sa mata, wata bayan wata.

A nan ya kamata mutanen karkara su yi hattara. Ba kowace tsohuwar mota ce ke da kuɗi ba. Masu sha'awa na biyan wadda ke cikakka, da injinta na asali, da takardunta, ba tsatsa da yawa. Bashe da ta yi shekara 30 tana kasuwa, an sa mata injin wata, an yi mata walda ko'ina, ba ita suke nema ba. Duk wanda ya zo ya ce yana da mai saye a Turai, amma sai an fara ba shi kuɗin takarda, a yi nesa da shi.

Hanyar da ta kawo su Nijar

Waɗanga motoci sun shigo ta hanyoyi da dama. Wasu an sayo su sababbi a Yamai. Wasu ta hamada sunka zo. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turai na sayen tsohuwar 404 ko 504 da arha a ƙasarsu. Su ƙetare teku da ita zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su sauka Arlit da Agadas. Su sayar a Nijar ko ƙasashen maƙwabta, su koma gida ta jirgi. Rashin kwanciyar hankali na farkon shekarun 1990 ya tsayar da wagga hanya. Wasu motocin kuma daga Najeriya sunka fito. A 1975 anka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, ta yi wajen shekara 30 tana fitar da 504.

Ƙasar nan ta yi ma motocin alheri guda. Iska a bushe yake, ba a watsa gishiri bisa hanya, don haka tsatsa ba ta yi musu irin cin da take yi a Turai. Amma ta ɗora musu wasu cututtuka. Rana na ƙone roba da kujeru. Ƙura na shiga inji tana goge shi kamar dutsen niƙa. Ramukan hanyar birji da lodin da ya wuce ƙima na karya ƙarfen sifirin.

Abin da ya riƙe su shekara da shekaru shi ne hannun makanikai da masu walda da maƙera. Abin da Bature ke yi ranar Lahadi don nishaɗi, su shi ne abincinsu. Sun san wace piyes ta wata mota ke shiga wata. Da kunne suke gane ciwon inji. Wanga sani yana hannun tsofaffi, kuma ba a rubuta shi ba. Yaron garaji da ya iya karatu zai kyauta in ya zauna gaban maigidanshi da littafi.

Abin da za a ɗauka

Akwai bambanci babba tsakanin motar sha'awa da motar kasuwa. Ta farko na fita kwana kaɗan a shekara, da mutum biyu ko huɗu, a hankali. Ta biyu na fita kullum, da mutane da buhuna da dabbobi. Kuma motocin da ba su da kariyar da na yanzu ke da ita in anka yi karo. Tsohuwar mota marar birki, cike da mutane ranar kasuwa, makara ce mai taya.

Hausawa na cewa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba. Ga abin da mai tsohuwar mota zai kiyaye. Da yawa ciki sun shafi mai babur da mai injin niƙa da mai injin ban ruwa.

A duba baƙin mai da ruwa kowace safiya, kafin a tada inji.

A canza baƙin mai wajen kilomita 5.000. Mai bin hanyar ƙura ya canza tun bai kai haka ba. A rubuta ranar.

A riƙa kakkaɓe matatar iska. Kada a yi tafiya babu ita.

A canza man birki duk shekara 2. In birki ya yi laushi, a ajiye motar.

A karanta shekarun taya. A gefenta akwai lamba huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 na shekara 2019. Tayar da ta kai shekara 10 ta gama aiki, ko da zanenta bai goge ba.

A ajiye mota a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko icce.

Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da ƙarfe ko gungume mai ƙwari.

Kada a buɗe murfin ruwa inji na da zafi. Kada a yi walda kusa da tankin isansi, ko da ya yi kama da fanko. Kada a bar inji na aiki cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinshi na kisa.

A adana kart giriz da asirans da takardar duwan cikin leda. Mota marar takarda, ƙarfe ce kawai.

Wanda kuma ya gaji tsohuwar mota daga mahaifinshi, kada ya yi saurin kiran masu awon ƙarfe. Ya fara kiran tsohon makanike ya duba ta. In shasinta na da lafiya, takardu na nan, tana iya tashi. In ba ta tashi, piyes ɗinta ɗaya-ɗaya sun fi kuɗin kilo, kuma za su raya wata. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyi don mahawara a cibiya

1. Waɗanne dalilai ukku ne sunka sa motar talaka ta yi wuya a Faransa?
2. Domi ba a tada injin da ya daɗe a tsaye nan take?
3. Motar da anka ƙera a 1975, a wace shekara ta cika shekara 30?
4. Taya mai lamba 0816, a wane mako da wace shekara anka yi ta?
5. Waɗanne injuna ne ke kwance a garin nan? Mi ya kashe su? Wane ne ciki za a iya rayawa?